Gadar da ta san ƙofar da za ta rufe

Akwai wani ɗakin kwamfutoci da nake yawan shiga, irin wanda ɗalibai ke zuwa koyon rubuta jarrabawa a kan na'ura. Wata ranar Asabar da hantsi na tarar da aiki ya tsaya cak. Janareta na ruri a waje, kowace kwamfuta a kunne take, amma babu wadda ke iya magana da saba. Yara sun harɗe hannuwa suna kallon allo, mai wurin yana ta safa da marwa da waya a kunne. Ni kuwa abin da ya ɗauke mini hankali shi ne akwatunan da wayoyin ɗakin ke haɗuwa a jikinsu, waɗanda masu aikin ke kira suwic. Bisa al'ada 'yan korayen fitilunsu ba sa ƙiftawa tare, wannan ta ƙifta, waccan ta huta. Ran nan duk rawa ɗaya suke yi, da sauri, ba tsayawa.

Da mai gyara ya iso, wani matashi da jaka a kafaɗa, ko kallon kwamfutocin bai yi ba. Fitilun ya tsura wa ido, sannan ya waiwaya.

"Alhaji, wa ya taɓa wayoyin nan?"

"Wallahi Injiniya, ba wanda ya taɓa komai. Sai dai jiya da aka yi shara an ga wani kebul yana reto, aka mayar da shi."

Ya bi wani shuɗin kebul da yatsa daga suwic na farko, ya ga ya ƙare a jikin na biyu, alhali akwai wani baƙi da ya riga ya haɗa su biyun. Ya zare shuɗin. Kafin ya miƙe tsaye fitilu sun koma hayyacinsu, yara sun fara latsa madannai. Ya ce, "Zobe aka yi, Alhaji."

Tun ranar nake son in rubuta yadda kebul ɗaya, lafiyayye, wanda aka soka da kyakkyawar niyya, yake iya durƙusar da ɗaki guda, da kuma dabarar da ke sa na'ura ta gane zoben da kanta ba tare da an kira kowa ba. Wurin da ya fi sauƙin leƙa wannan dabara shi ne cikin Linux, domin rubutunsa a buɗe yake, kowa na iya karantawa.

Kenel shi ne zuciyar babbar manhajar kwamfuta, wanda ke tsaye tsakanin ƙarafan na'ura da sauran manhajoji. Na Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a Finland a 1991, shi ne a cikin wayoyin Android da yawancin manyan sabobin duniya. A cikinsa akwai wani sashe da ake kira gada, kuma aikinsa daidai yake da na suwic, sai dai shi ba akwati ba ne, rubutu ne kawai. Sunan Lennert Buytenhek ne a saman fayilolinsa, Stephen Hemminger kuma ya shafe shekaru yana kula da shi. Mutane da yawa suna amfani da wannan gada ba su sani ba. Wanda ya girka Docker ya samu gada mai suna docker0. Mai tafiyar da kwamfutocin cikin kwamfuta da libvirt yana da virbr0. Rautar gida mai ɗauke da OpenWrt tana haɗa Wi-Fi da ƙofofin kebul ta wata gada mai suna br-lan.

Abin da ya fara burge ni game da gada shi ne ba a koya mata komai. Ranar da aka ƙirƙire ta aka ɗaura mata ƙofofi, rajistarta ba ta ɗauke da sunan baƙo ko ɗaya. Kenel yana umartar kowace ƙofa ta karɓi duk saƙon da ya gifta, ko nata ne ko ba nata ba, ta miƙa wa gada kafin sauran sassan sadarwa su gan shi. Kowane saƙo na Ethernet kamar ambulan ne mai adireshi biyu a bayansa, na wanda aka aika wa da na wanda ya aiko. Su ne adireshin MAC, lamba ce mai tsawon bayit 6 da kowane katin sadarwa ke ɗauke da ita.

To, gada ba adireshin mai karɓa take fara dubawa ba, na mai aikowa take dubawa. Tana cewa a ranta, wane ya yi magana ta ƙofa ta biyu, ke nan ta can yake zaune, sai ta rubuta. Daga nan ta duba wanda aka aika wa. In ta san ƙofarsa, can kaɗai za ta tura. In ba ta sani ba, sai ta kwafi saƙon ta fitar ta kowace ƙofa, ban da wadda ya shigo ta cikinta. Wanda aka aika wa zai amsa, amsar tasa kuwa tana ɗauke da adireshinsa, shi ma ya shiga rajista ke nan. Kamar sabon mai gadin gidan haya ne da ba a nuna masa kowa ba, amma daga sallama da amsa sallama, kafin la'asar ya san ɗakin kowa.

Kuma ta iya mantuwa, wadda ita ma gwaninta ce. Adireshin da ya yi daƙiƙa 300 bai yi magana ba, sai a goge shi. Da ba don haka ba, kwamfutar da aka ɗauke daga wannan ɗaki zuwa wancan, muddin ba ta yi magana ba, da sai a yi ta aika mata saƙo tsohon gida. Wanda ke son ganin wannan rajista da idonsa, umarnin bridge fdb show zai baje masa ita.

Matsalar tana cikin wani nau'in saƙo da ake kira shela. Idan kwamfuta tana neman wata amma ba ta san adireshin MAC ɗinta ba, sai ta aika tambaya zuwa ga kowa da kowa, ta rubuta ff:ff:ff:ff:ff:ff a gurbin mai karɓa. Wannan abu ne na yau da kullum, ba laifi a cikinsa, kuma dokar gada ita ce ta isar da shela ta kowace ƙofa.

Yanzu mu koma ɗakin Alhaji. Suwic biyu, kebul biyu a tsakaninsu. Wata kwamfuta ta yi shela. Suwic na farko ya fitar da ita ta baƙin kebul da shuɗin kebul. Na biyu ya karɓi ta baƙin, ya ce ban da ƙofar da ta shigo, sai ya tura ta shuɗin. Ya karɓi ta shuɗin, ya tura ta baƙin. Shela biyu sun koma wa na farko, shi ma ya bi doka ya sake juya su. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu, kowa aikinsa yake yi daidai, amma saƙo biyu sun kama kewayawa, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, kuma kowane zagaye sai an watsa wa duk kwamfutocin ɗakin kwafi. Kowace sabuwar shela da aka yi sai ta shiga sahu. In hanyoyin sun kai uku, saƙon ba kewayawa kaɗai yake yi ba, haihuwa yake yi.

Mai karatu zai ce, ai za su gaji su mutu. Ba za su mutu ba, nan ne gizo ke saƙar. Saƙon intanet na IP yana ɗauke da wata lamba, Linux kan fara ta daga 64, kowace rauta da ya ratsa ta rage ɗaya, in ta ƙare a yar da shi. Ambulan ɗin Ethernet ba shi da wannan gurbi sam. An tsara shi ne tun zamanin Bob Metcalfe a Xerox, a 1973, lokacin da kwamfutoci ke rataye a jikin doguwar waya ɗaya mai farko da ƙarshe, inda babu ta yadda saƙo zai dawo inda ya fito. Kebul mai gudun gigabit ɗaya yana iya ɗaukar ƙananan saƙonni kusan miliyan ɗaya da rabi a daƙiƙa, kuma zobe zai yi ta cika shi da maimaici har saƙon kirki ya rasa wurin wucewa. Duk wanda ya taɓa jin ƙarar da ke tashi a wurin taro idan aka kusanta makirufo da lasifika ya san irin abin. Ita ma rajista sai ta rikice, domin yanzu ta ga adireshi a wannan ƙofa, yanzu ta gan shi a waccan. Gadar Linux har ƙorafi take rubutawa a kundin kenel, cewa ta karɓi saƙo mai ɗauke da adireshinta na kanta a matsayin mai aikowa. Ta ji muryarta ta dawo mata daga waje.

Magani mafi sauƙi shi ne a hana kebul na biyu. Amma asibiti ko banki ba za su yarda duk aikinsu ya rataya a waya ɗaya da ɓera zai iya ci ba. Ana son hanya ta biyu, ana kuma tsoron ta. Wadda ta warware wannan ƙulli ita ce Radia Perlman, injiniya a kamfanin Digital Equipment Corporation a Amurka, wadda ta wallafa dabararta a 1985. Hukumar IEEE ta mayar da ita ƙa'ida a 1990 da lamba 802.1D, masu aikin kuma suna kiran ta STP. Ma'anar sunan ita ce bishiyar da rassanta suka kai ko'ina. An zaɓi bishiya ne saboda daga saiwa zuwa kowane ganye hanya ɗaya ce tak, reshe ba ya komawa ya haɗe da ɗan'uwansa.

Abin tambaya shi ne yadda gadoji za su shata bishiya alhali babu wadda ke ganin taswirar gaba ɗaya, kowace maƙwabtanta kaɗai take ji. Amsar Perlman wata 'yar takarda ce mai bayit 35, ana kiran ta BPDU, ni kuwa na fi son in kira ta takardar gaisuwa. Duk daƙiƙa 2 ake aika ta zuwa wani keɓaɓɓen adireshi, 01:80:C2:00:00:00, wanda gadoji ke saurare. Jigon abin da ke cikinta uku ne: wadda nake ɗauka ita ce saiwa, nisana da ita, da kuma ko ni wace ce.

Kowace gada tana da lambar shaida, wato lambar fifiko, wadda in ba a taɓa ba 32768 ce, sai adireshin MAC ɗinta a biye. Da an kunna su kowace sai ta fara da cewa ni ce saiwa. Amma da zarar ta ji gaisuwar da ke ambaton lamba ƙasa da tata, sai ta sauke da'awarta nan take ta koma yaɗa sunan waccan. Ba gardama, ba sake ƙirga. Cikin 'yan daƙiƙoƙi labarin mafi ƙanƙantar lamba ya game ko'ina, kowa ya yi mubaya'a. Akwai wani abu a nan da masu aikin suka sani: in aka bar kowa a 32768, adireshin MAC ne zai raba gardama, kuma yakan faru tsohon suwic da aka manta da shi a lungu ya zama shi ne saiwa. Shi ya sa gwani ba ya barin zaɓen ga sa'a, yakan rage lambar fifikon na'urar da ya fi amincewa da ita.

Bayan an san saiwa, sai lissafin nisa. Ba da taku ake aunawa ba, da farashi ne, kuma hanya mai sauri ta fi araha. A tsohon jadawalin, kebul mai megabit 10 farashinsa 100, mai megabit 100 farashinsa 19, mai gigabit ɗaya 4. Saiwa tana cewa nisana sifili. Wadda ta karɓa ta ƙara farashin ƙofar da gaisuwar ta shigo, ta miƙa gaba.

A ɗauki gadoji uku da aka haɗa kamar murhu, kowace da kebul zuwa sauran biyun, duk masu gigabit ɗaya. Ta farko ce mai ƙaramar lamba, ta zama saiwa. Ta biyu ta ga tana iya kai wa saiwa kai tsaye da farashi 4, ko ta bi ta wajen ta uku da farashi 8, sai ta zaɓi ta huɗun. Ta uku ma haka. Saura kebul ɗin da ke tsakanin ta biyu da ta uku, wanda shi ne ke cika zobe. Su biyun suka gaisa a kansa, kowace ta ce nisana 4. An yi kunnen doki, sai a koma ga lambar shaida. Ta biyu ce mai ƙarama, ita za ta riƙe wannan kebul. Ta uku kuwa, ba tare da wani ya umarce ta ba, sai ta rufe ƙofarta ta wannan ɓangare.

Wannan rufewa ita ce abin da na fi ƙauna a duk dabarar. Kebul ɗin lafiyarsa ƙalau, fitilarsa na ci, amma ƙofar ba ta wucewa da saƙon kowa, ba ta kuma rubuta adireshin kowa. Sai dai ba barci take yi ba. Kunnenta na nan a kan gaisuwar da ke zuwa duk daƙiƙa 2. Muddin tana jin ta, ta san bishiya na tsaye, ta ci gaba da zama a rufe, ko da shekara za a yi. Ranar da hanyar da ake bi ta yanke, ita ce za ta miƙe ta ɗauki kayan.

Ko a lokacin ma ba ta buɗewa da garaje. Idan gaisuwa ta ɗauke, gada takan jira daƙiƙa 20 kafin ta yarda cewa abin da ta sani ya tsufa. Sannan ƙofar ta yi daƙiƙa 15 tana sauraro kawai, ko akwai wata da ta fi ta cancanta. Sannan ta ƙara wasu 15 tana rubuta adireshi a rajista amma ba ta tura komai. Sai bayan nan ta fara aiki. Jimilla daƙiƙa 30 in gadar ta ga yankewar da idonta, 50 in daga nesa abin ya faru. Sannu ba ta hana zuwa, kuma dalilin jinkirin a bayyane yake: labari yana ɗaukar lokaci kafin ya game gadoji, in ƙofa biyu suka buɗe tare bisa tsohon labari, zoben da ake gudu ya samu. Haka nan idan bishiya ta sauya siffa ana sanar da saiwa, ita kuma ta sa kowa ya rage wa'adin mantuwa daga daƙiƙa 300 zuwa 15, don a yi saurin zubar da adireshin da ke nuna tsohuwar hanya. Duk wannan, abin da kowace gada ke buƙatar riƙewa a ƙwaƙwalwa don lissafin bishiya ɗan kaɗan ne, kuma ba ya ƙaruwa don gadoji sun yi yawa.

Linux ya ƙara wani ladabi da ba kowa ke lura da shi ba. Gadarsa tana zuwa ne da STP a kashe, sai an kunna. Amma in a kashe yake, gadar ba ta haɗiye takardun gaisuwar maƙwabta, tana wucewa da su gaba, domin suwic ɗin da ke kewaye da ita su iya gano zoben da ya ratsa ta cikinta. Wanda ya rubuta wannan layin ya yi tunanin na'urorin da ba nasa ba.

Ba zan ce dabarar ba ta da iyaka ba. Rabin minti a zamanin kiran bidiyo da cinikin banki ba ƙaramin lokaci ba ne, shi ya sa a 2001 aka fito da mai sauri, RSTP, mai lamba 802.1w, inda gadoji biyu ke tattaunawa kai tsaye su buɗe ƙofa ba tare da jiran agogo ba. Kenel na Linux tsohuwar STP kaɗai ya riƙe a cikinsa. In an kunna ta yakan fara kiran wani fayil, /sbin/bridge-stp, ya ji ko akwai manhajar waje irin mstpd da za ta karɓi aikin. In akwai, ya bar mata shawara, shi ya tsaya ga buɗewa da rufe ƙofa bisa umarninta. Ina ganin wannan rabon aiki daidai ne, domin tura saƙo yana buƙatar saurin kenel, lissafin bishiya kuwa ba ya buƙata.

Akwai kuma iyakar faɗi. Lokutan nan na 20 da 15 an tsara su ne bisa zaton gadoji ba za su wuce 7 a jere ba. A watan Nuwamban 2002 asibitin Beth Israel Deaconess da ke Boston ya ga abin da ke faruwa idan aka wuce. Hanyar sadarwarsu ta yi ta girma ana ɗora suwic kan suwic har ta zarce wannan iyaka, bishiyar ta kasa tsayawa, aka shafe kusan kwana huɗu likitoci sun koma takarda da biro. Perlman da kanta daga baya ta tsara wata hanyar, TRILL, wadda ke amfani da dukkan kebul ba tare da barin wani a rufe ba. Duk da haka, a ƙananan ofisoshi da makarantu da ɗakunan kwamfuta, bishiyarta ce har yau ke gadin ƙofa.

Daga baya na tambayi matashin nan me ya sa suwic ɗin Alhaji ba su rufe ƙofa da kansu ba. Ya ce masu arha ne, irin waɗanda ba a iya saita su, ba su san gaisuwa ba balle su amsa. Ya ba Alhaji shawarar ya sayi ko da guda ɗaya mai STP ya sa a tsakiya, ya kuma ɗaure kowane kebul da alama a kai biyu.

Ga masu kula da irin waɗannan ɗakuna, da ɗaliban da ke koyon Linux: ku duba fayil ɗin stp_state da ke cikin /sys/class/net/br0/bridge, in br0 ne sunan gadarku. Sifili na nufin STP a kashe yake, 1 kenel ne ke riƙe da shi, 2 manhajar waje ce. In gadar tana da ƙofa fiye da ɗaya da ke fita zuwa kebul na gaske, ku kunna shi da ip link set br0 type bridge stp_state 1 tun kafin ku soka kebul na biyu, sannan ku ba ta daƙiƙa 30 ɗinta.